Mu dawo da Malam daga Chadi ko mu ƙara tallafi?

Dattijo Yohanna (ma'aji): Salama gare ku 'yan'uwa. Fasto ya ba ni izini in kawo wannan magana nan kafin zaman dattawa, domin kowa ya faɗi abin da ke ransa. Batun Malam ne, mai bisharar da muka aika, da iyalinsa, waɗanda muke tallafa wa a ƙasar Chadi. Kuɗin da muke aika masa duk wata bai canja ba tun kafin gwamnati ta saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023. A lokacin, a wajen 'yan canji, jaka ɗaya ta sefa, wato dubu ɗaya a kuɗin Chadi, tana kamawa naira dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa. Da dalar Amurka ta haura naira 1,500 a farkon 2024, jakar nan ta koma wajen dubu biyu da ɗari biyar. Sefa a ɗaure take da yuro, ba ita ta tashi ba, tamu ce ta faɗi. A littafinmu ba mu rage masa ko kwabo ba, amma abin da ke shiga hannunsa ya ragu da kusan rabi. Baikon bishara kuwa yana nan yadda yake. Wasu dattawa suna ganin a dawo da su gida a ba shi wani ƙauye a nan kusa, wasu suna cewa a ninka kuɗin ko ta wane hali. Ni lissafi kawai na kawo muku.

Fasto: Mun gode Dattijo. Ina roƙo, kada kowa ya ambaci sunan Malam ko garin da yake, kada kuma a sa hotonsu a nan. Saƙo yana fita daga zaure ba tare da mai shi ya sani ba.

Ishaku: Baba ma'aji, sannu da ƙoƙari. Zan faɗi nawa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Kuɗin da zai riƙe iyali ɗaya a Chadi zai riƙe masu bishara biyu ko uku a ƙauyukanmu. Muna da 'yan'uwa a cikin Maguzawan Katsina da Kano da ba su da mai koyar da su. Muna da waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, suna kwana a makarantu. Akwai masu bishara a nan gida da aka riƙe musu alawus wata da watanni. Sannan ina da tambaya, ba da raini ba: duk shekarun nan da Malam ya yi a can, mutum nawa aka yi wa baftisma? Ban taɓa jin an karanta mana adadi a majami'a ba.

Maman Salama: Ishaku ɗana, tambayarka tana da wuri, amma kafin a kai ga adadi bari in gaya maka abin da na sani, domin ni nake waya da matar Malam a madadin Zumuntar Mata. Tun asuba take tashi ta tari ruwa, saboda famfon unguwarsu ba kullum yake kawowa ba, in bai kawo ba sai a saya wajen mai kura. Da gawayi take girki. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce maki 40, wuta ba ta zama, yara ba sa iya barci a ɗaki sai a tsakar gida. Tuwon gero da miyar kuɓewa busasshiya ne abincin yawancin kwanaki, kuma ba ta taɓa yi mini ƙorafin wannan ba. Abin da ya sa ta kuka a waya shi ne ranar da aka koro babban yaronsu daga makaranta saboda kuɗin zango. Ta ce kada in gaya wa kowa. Na riƙe tsawon lokaci, yau dai na ga ya kamata ku sani, domin muna shirin yanke hukunci a kan mutanen da ba mu san yadda suke wuni ba.

Ishaku: Mama, wannan ma ai yana ƙara ƙarfafa abin da nake faɗa. In ba za mu iya riƙe su da mutunci ba, me ya sa za mu bar su suna wahala a ƙasar wasu?

Baba Rabaran: Barkanku da yamma 'ya'yana. Jikata ce take rubuta mini, ku yi haƙuri in na yi tsawo.

Ishaku, na yi aikin bishara a Nijar shekaru masu yawa kafin in yi ritaya. Ka lura, a can Hausa ake yi, harshen da na sha a nono, amma duk da haka sai da na daɗe ina baƙo. Da na buɗe baki sun san daga Najeriya nake. Takardun gwamnati da Faransanci suke. A kasuwa in an ce dala ashirin, sefa ɗari ake nufi, domin dala ɗaya sefa biyar ce. To Malam nasa ya fi nawa nauyi. A Chadi Larabcin ƙasar ne harshen kasuwa da unguwa, ba kuma irin wanda ake karantawa a littafi ba, sannan ga Faransanci na ofis da makaranta. Akwai Hausawa a Njamena tun zamanin da alhazai ke bin hanyar nan da ƙafa zuwa Makka, amma mutanen da aka aike shi wurinsu ba Hausa suke ji ba. Mutum mai iyali, wanda ya saba tsayawa a bagade yana wa'azi, ya koma yana koyon sunan albasa da gishiri wajen yara. Shekarun farko kusan duk a wannan suke tafiya.

In ka tambaye ni yadda wunin mai bishara yake a irin wannan wuri, ga shi. Da safe addu'a da iyali. Sai ya fita gaisuwa. Ya zauna a tabarmar maƙwabci a sha shayi, zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, ba a gaggawa. An yi rasuwa, ya je ya zauna zaman makoki. An yi haihuwa, matarsa ta kai sabulu. Yaron wani ya kamu da zazzaɓi da dare, shi ake bugawa ƙofa saboda yana da babur. Ba ya ɗaukar lasifika ya tsaya a bakin kasuwa, wanda ya yi haka a irin wannan gari ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma jawo wa 'yan'uwa na wurin fitina. Bayan shekaru, wata rana da dare mutum ɗaya zai zo shi kaɗai ya ce, Malam, ina so ka karanta mini abin da ke cikin littafin nan naka. Wannan mutumin ba za a karanta sunansa a majami'armu ba, ba za a ɗauki hotonsa ba, domin yana iya rasa matarsa da gādonsa a kan haka. Shi ya sa ba ka jin adadi.

Ka kuma tuna yadda bishara ta iso mu. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A shekara ta gaba Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900, bai yi nasara ba. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan ta farko a Patigi. Da masu ba da kuɗi a Kanada sun tambayi adadin baftisma a shekara ta tara, amsar ita ce babu ko ɗaya, ga kaburbura biyu. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bai fito ba sai 1932. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya yi girma. Ban ce kada a tambayi mai bishara abin da yake yi ba. A tambaye shi. Amma a san irin tambayar da za a yi.

Ishaku: Na gode Baba, na ji, kuma ban san batun ɓoye sunaye ya kai haka ba. Sai dai su Bingham suna da ƙasashe masu arziki a bayansu. Mu fa?

Baba Rabaran: Ɗana, da aka kafa ƙungiyar masu bishara ta 'yan ƙasa a 1948, wadda ta zama EMS, sashen aika masu bishara na ikkilisiyar ECWA, kakanninka ba su da albashi. Dawa da gero da kaji suke kawowa baiko. ECWA kanta sai 1954 ta tsaya da ƙafafunta, wato aika masu bishara ya riga ta. Ƙungiyar mishan ta CAPRO kuma matasa ne irinka suka fara ta a Zariya a 1975, ba su da komai. Talauci bai taɓa hana mu aikawa ba.

Malam Barnabas: Ina gaisuwa Baba. Ni tambayata daban ce da ta Ishaku. Chadi ba ƙasar da babu Kirista ba ce. Kudancinta cike yake da ikkilisiyoyi, a Mundu da Sar da sauransu, suna da makarantun Littafi Mai Tsarki nasu. Ɗan ƙasa ba ya bukatar takardar zama, ya iya Faransanci, da yawansu sun iya Larabcin, yaransa suna makarantar da suka saba. Me zai hana mu ɗauki kuɗin nan mu tallafa wa mai bishara ɗan Chadi? Ina ganin wani lokaci muna son a ce ikkilisiyarmu tana da mutum a ƙasar waje ne kawai.

Maman Salama: Malam Barnabas, wannan jimlar taka ta ƙarshe ta yi nauyi. Matan da suke cire kuɗin cefane suna sawa a asusun bishara ba don suna suke yi ba.

Malam Barnabas: Ki gafarce ni Mama, ba su nake nufi ba. Amma tambayar tana nan.

Baba Rabaran: Tambaya ce mai kyau, kuma a wurare da yawa abin da ya kamata a yi ke nan. Ni kaina a ƙarshen aikina ɗan Nijar na miƙa wa, kuma ya fi ni iyawa. Abu biyu zan ce. Na ɗaya, Malam bai je da kansa ya kafa tuta ba, ikkilisiyar can ce ta karɓe shi, a ƙarƙashinta yake. Na biyu, Chadi ta sha yaƙin basasa tsakanin arewa da kudu, na 1979 a Njamena har yanzu tsofaffi suna tuna shi. A wasu garuruwan arewa da gabas, ɗan kudu yana shiga da nauyin wannan tarihi a kansa, ba laifinsa ba. Baƙo daga arewacin Najeriya, mai babbar riga, wanda ya san gaisuwa da zaman tabarma, ya tashi cikin maƙwabta Musulmi ya san yadda ake girmama su, wani lokaci ƙofa takan buɗe masa da sauƙi. Ba kullum ba. Shugabannin ikkilisiyar can ne za su gaya mana ko har yanzu suna bukatarsa. Mun taɓa tambayarsu?

Dattijo Yohanna (ma'aji): Gaskiya Baba, tun da aka aike shi ba mu rubuta musu ba.

Rifkatu: Ina ta karantawa ban so in yi magana ba, amma zan yi. Ni 'yar mai bishara ce, a ƙetare na yi ƙuruciyata. Ina ƙaunar abin da iyayena suka yi, ban taɓa jin haushin Allah a kai ba. Abin da nake so ku sa a lissafi shi ne yaran.

Na fara makaranta da Faransanci. Da aka dawo da mu gida ba shiri, saboda tallafi ya yanke, aka mayar da ni baya aji biyu domin ban iya Turanci ba. A can ana ce mini 'yar Najeriya, a nan 'yan ajinmu suna dariyar yadda nake magana. Ƙanena bai taɓa warwarewa a karatu ba. Mahaifina ya dawo ba gida, ba gona, waɗanda suka yi masa rakiya da waƙa ranar tafiya da yawansu sun manta da shi. Ya rasu yana ambaton mutanen da ya bari a can, yana cewa bai yi musu sallama yadda ya kamata ba.

Turawan mishan sun san wannan matsala tun da wuri. Shi ya sa aka buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942, aka yi Kent Academy a Miango domin 'ya'yansu, ga gidan hutu a Miango inda mai aiki zai je ya huta ya koma. Su ma yaransu sun sha kewar iyaye a makarantun kwana, ban ce tsarin ba shi da aibu ba. Amma sun zauna sun yi tunanin abin. Mu muna aika mutum da addu'a da akwati, sauran mu ce Allah zai tanada. Allah yana tanadi, ta hannun mutane yake yi.

Saboda haka in za ku dawo da su, kada ku yi shi a tsakiyar shekarar karatu, kuma ku tanadi inda za su sauka da abin da zai yi. In za ku bar su, kuɗin makaranta ya zama daban da kuɗin abinci, a biya shi kai tsaye. Babban yaron nan ya kusa shekarun da dole a yanke shawara ko zai ci gaba da tsarin Faransanci ko zai dawo ya rubuta jarrabawar nan gida. Akwai wanda ya tambayi iyayensa me suka shirya?

Maman Salama: Allah ya yi miki albarka 'yata. Ban san kin ɗauki wannan a zuciya haka ba.

Ishaku: Yaya Rifkatu, ban yi tunanin dawowar ma tana da nata ciwon ba. To ga wata shawara. Bulus ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa a Koranti, yana cikin Ayyukan Manzanni sura 18. Me zai hana a haɗa wa Malam jari sau ɗaya, ya riƙa samun sefa a can, maimakon mu riƙa bin canji kullum muna asara?

Malam Dauda: A nan zan iya sa baki, tunda ina kai kaya Njamena. Shawarar Ishaku tana yiwuwa, amma ba kamar yadda ake zato ba. Baƙo da zai buɗe shago sai ya yi takardu ya biya haraji, kuma dole abin da yake yi ya dace da takardar zamansa, in ba haka ba ya jawo wa kansa da ikkilisiyar da ta karɓe shi matsala. Sana'ar da na ga tana tafiya ita ce gyaran sola da cajin waya, injin niƙa, ɗinki, da koyar da Turanci, domin matasa da yawa a can suna son Turanci. Wanda yake sayar da kaya kuwa bashi zai kashe shi. Maƙwabcin da kake so ka yi wa bishara ya karɓi kaya bai biya ba, za ka kai shi wajen 'yan sanda?

Batun hanya kuma, ta Maiduguri zuwa Gamborun Ngala, a ƙetara Fotokol, a bi zuwa Kusiri a haye gada a shiga Njamena ita ce gajeriya, amma tun rikicin Boko Haram mutane da yawa sun fi son zagayawa ta Yola da Garwa da Marwa. Ta fi tsawo, ta fi tsada, ga shingaye. Shi ya sa iyali guda ba za su iya zuwa gida duk shekara ba. Ku kuma sani sefar Chadi da Kamaru daban take da ta Nijar, darajarsu ɗaya amma ba a karɓar wannan a madadin waccan a kasuwa. In za a aika kuɗi a faɗa wa mai canji wacce ake so.

Nas Hannatu: Ina goyon bayan sana'a, ba don kuɗi kaɗai ba. Mutumin da ba a san aikinsa ba a unguwa zargi ake yi masa, ana cewa wa yake biyansa, me ya kawo shi. Mai sana'a yana da wurin zama a cikin jama'a. Dakta Stirrett da tsofaffinmu suke ambata mai sayar da magani ne a Toronto, ya bar shagunansa ya zo Najeriya aikin mishan a 1902, ya zauna har ya rasu a 1948, kuma maganin ne ya fara haɗa shi da mutane. Asibitin Galmi a Nijar tun 1950 yake aiki, har daga Najeriya ana zuwa. Amma ina da tambaya ga ma'aji: akwai wani abu da aka ware domin rashin lafiya? In matar Malam ta bukaci tiyata cikin dare, wa zai biya?

Dattijo Yohanna (ma'aji): Babu, Nas. In abu ya taso sai mu yi roƙo na musamman ranar Lahadi.

Nas Hannatu: Ciwo ba ya jiran Lahadi, Baba. Ko za a dawo da su ko ba za a dawo da su ba, wannan a gyara shi a makon nan.

Baba Rabaran: A kan sana'a ina da gargaɗi ɗaya. Ku karanta gaba kaɗan a surar nan da Ishaku ya ambata, Ayyukan Manzanni 18. Da Sila da Timoti suka iso daga Makidoniya, Bulus ya ba da kansa gaba ɗaya ga wa'azi. A Filibiyawa 4 kuma yana gode wa ikkilisiyar Filibi domin sun aika masa da taimako ba sau ɗaya ba tun yana Tasalonika. Ya yi ɗinki, an kuma tallafa masa, duka biyun. Na ga masu bishara da injin niƙa ya cinye, daga safe har dare suna kan gyara da lissafi, ba lokacin zuwa gaisuwa. In za a ba shi jari, a ba shi domin ya ƙara a kan abin da muke aikawa. Kada ya zama hanyar da za mu zare hannunmu.

Wani abu kuma. A watan Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, abin da ya riƙe 'yan'uwa a can, bayan Ubangiji, shi ne maƙwabta da suka san su, wasu Musulmi ne suka ɓoye su a gidajensu. Irin wannan zumunci shekaru ake yi ana gina shi. Malam ya riga ya biya wannan farashi, ya iya harshen, an san shi. In muka cire shi yau, wanda za a aika nan gaba daga farko zai fara.

Malam Barnabas: Na yarda a rubuta wa shugabannin can tukuna. In sun ce suna bukatarsa, zan ƙara nawa alkawarin. In sun ce ɗan ƙasa zai iya, ina roƙo mu saurare su ko da ba haka muka so ji ba.

Maman Salama: Zumuntar Mata za ta ɗauki kuɗin makarantar yaran na wannan zango, na riga na yi magana da shugabanninmu yanzu. Amma ina so a tambayi matar ita ma, ba Malam kaɗai ba. In an tambaye shi zai ce lafiya lau, haka yake tun yana saurayi.

Ishaku: Ni ban janye duka ba. Zan sa hannu a ƙarin, da sharaɗin cewa a zaman dattawan nan za a karanta sunayen masu bisharar ƙauyukanmu da ake bin mu alawus ɗinsu, a faɗi ranar da za a biya. Su ma suna da yara a makaranta. Zan kawo jerin da kaina.

Dattijo Yohanna (ma'aji): Ka kawo, haƙƙinsu ne. Ni kuma zan sake lissafin da sefa maimakon naira: haya, abinci, makaranta, magani, man babur, sabunta takardu. Daga nan mu ga nawa ne gibin.

Fasto: Na gode muku duka. Zan rubuta wa shugabannin ikkilisiyar can gobe, Malam Barnabas ka taimaka mini da Faransancin. Ranar Asabar da yamma za mu kira Malam da matarsa, ni da Baba Rabaran da Maman Salama, in layi ya yarda. Rifkatu, ina so ki kasance, akwai tambayoyin yaran da ke za ki fi mu sanin yadda ake yin su.

Rifkatu: Zan zo, Fasto.

Malam Dauda: Ina da tafiya ƙarshen wata. Mai saƙo ya kawo shago kafin ranar 25, kada ya wuce abin da zai shiga jaka ɗaya. Mama, ki tambaye ta ko daddawa da kuka da yaji ne kamar wancan karon, ko akwai maganin da ba sa samu a can.